Zaki Ya Ji Kukanta, Mu Fa?

Maganar da na zo da ita yau ba mai daɗi ba ce, kuma na san akwai waɗanda za su taɓe baki tun kafin su juya shafi. Babu komai. Gaskiya ɗaci gare ta, amma gara a sha ta da ɗacinta da a kwana da ciwo. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. To ni tambayata ita ce, yaya aka yi tsoron ya baro daji ya shigo mana gida, har ya zama 'yar shekara 12 ta fi samun sauƙi a hannun naman dawa a kan hannun 'yan Adam? Kada ki ce na yi zafi, 'yar'uwa. Tsaya ki ji labari biyu daga ƙasar Habasha, sannan ki yanke hukunci da kanki.

Na farko ya faru a watan Yuni na shekarar 2005, kusa da wani gari da ake kira Bita Genet, mai nisan kimanin kilomita 560 kudu maso yamma da Addis Ababa. A can suna da wata al'ada da suke kira telefa, wato namiji ya tara abokansa su sace yarinya, ya ɓata ta, sannan a tura dattawa wajen iyayenta a ce aikin gama ya gama, sai a ɗaura aure. Haka wasu ƙarti suka sace wata yarinya 'yar shekara 12, suka riƙe ta har mako guda suna dukanta don ta yarda ta auri ɗaya daga cikinsu. Kamar yadda 'yan sandan garin suka shaida wa manema labarai, zakuna uku ne suka fito daga daji, ƙartin suka ranta a na kare, zakunan kuma suka zauna kusa da yarinyar wajen rabin yini ba su taɓa ta ba. Da 'yan sanda da danginta suka iso, sai suka tashi suka koma dajinsu. An kama huɗu daga cikin mutanen.

Wani masanin namun daji ya ce wataƙila kukan yarinyar ne ya yi kama da kukan ɗan zaki, shi ya sa suka ƙyale ta. Wasu kuma suka ce ina, ajiye ta suka yi sai yunwa ta taso. Ko ma wanne ne, abu ɗaya dai ba a musu a kansa: tabon da aka samu a jikin yarinyar nan na duka ne, kuma hannun ɗan Adam ne ya yi shi. Zaki da ba shi da hankali bai bar mata ko ƙwarzane ba.

Na biyu kuwa wasu 'yan jarida biyu 'yan Amurka, Nicholas Kristof da matarsa Sheryl WuDunn, suka ba da shi a littafinsu na shekarar 2009. Ita ma yarinya ce 'yar Habasha, aka miƙa ta ga wani dattijo sa'an kakanta tana da shekara 13. Ga dukan miji, ga na uwargida. Ta gudu da tsohon ciki, naƙuda ta kama ta ita kaɗai a bukka, ta yi kwanaki tana fama, ɗan ya mutu a ciki. Da ta farfaɗo sai ta tarar fitsari da bayan gida suna zuba ba ta iya riƙewa, ƙafafunta kuma sun ƙi ɗaukarta. Me mutanen ƙauyen suka yi? Suka ce tsinanniya ce, suka kai ta wata bukka a bakin gari, suka cire ƙyauren don kuraye su shigo su gama da ita. Da dare ya yi kurayen suka zo. Yarinyar nan, 'yar shekara 14, da sanda ɗaya a hannu, ta kwana tana kaɗa musu ita tana ihu har gari ya waye. Da safe ta ja jiki da hannuwa, tana rarrafe, har ta kai wani ƙauye inda aka ɗauke ta zuwa asibitin masu yoyon fitsari na Addis Ababa, wanda likita Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a 1974. A nan ta warke gwargwadon hali, ta koyi karatu da rubutu, ta zama mai taimaka wa nas-nas wajen jinyar 'yan'uwanta.

To ki faɗa mini tsakani da Allah, a cikin labarin nan wane ne kura? Mai ƙafa huɗu da yunwa ta koro, ko mai ƙafa biyu da ya cire ƙyaure?

Na san abin da za a ce: ai wannan Habasha ce, mu nan ba ma satar amarya, ba ma jefa wa kura 'ya'yanmu. Haka ne, Allah ya raba mu da wannan. Amma in kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama da wuta, shafa wa na maigidanki ruwa. Ki je asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara ɗinkin masu yoyon fitsari tun 1984. Ki leƙa sashen masu wannan ciwo a asibitin Murtala na Kano, ko cibiyar Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012. Da wane harshe matan da ke kwance a can suke magana? Hausa ce da Fulatanci, 'yar'uwa. Nawa ne daga cikinsu miji ya aiko wa da takarda tun suna kan gadon asibiti? Nawa ne aka ware wa kwano da tabarma a gidan ubansu saboda zarni? Wadda aka kai ɗakin bayan gida aka daina cin abinci da ita, ai ita ma an cire mata ƙyaure, sai dai tamu kurar ba ta da haƙori, baƙin ciki ne ke cin ta a hankali.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa a cikin mata 100 'yan shekara 20 zuwa 24, guda 76 an aurar da su kafin su cika 18. A Nijeriya, binciken 2018 ya nuna 43 cikin 100, kuma kowa ya san ɓangaren da ya fi ɗaukar kaso mai yawa.

Bari in yi bayanin yadda ciwon nan yake samuwa, don har yanzu akwai masu cewa iska ce ko sammun kishiya. Yarinya takan fara al'ada alhali ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba, sai ya ƙara wasu shekaru yana girma, musamman in ba ta samun abinci mai gina jiki. In ta ɗauki ciki a wannan tsakanin, kan jariri yana iya fin ƙarfin hanya. Sai ya sauko ya maƙale, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, jini ba ya zagayawa a wurin, sai naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya ruɓe ya faɗi, ya bar ƙofa, fitsari ya riƙa bi ta nan dare da rana. Wani lokaci har hanyar bayan gida takan fashe, jijiyar ƙafa kuma ta danne, mace ta tashi tana jan ƙafa. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Gaskiya ne babbar mace ma tana iya gamuwa da shi in naƙuda ta yi tsawo ba a kai ta asibiti an yi mata aiki ba, kuma yankan gishiri da wanzamai da ungozomomi ke yi shi ma yana jawo shi. Amma 'yar ƙarama ta fi kowa shiga haɗari, don ga ƙugu bai isa ba, ga kunyar ɗan fari ta hana ta buɗe baki, ga shi ba ta da ikon cewa a kai ta asibiti sai maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini.

A nan ne nake da faɗa da kalmar nan da muke yawan ji a bakin tsofaffi, wai “ai ta isa”. Ta isa me? Don ƙirji ya fito, don ta ga jini sau biyu, shi ke nan ta zama babba? To ga tagwayenta namiji nan, Hassan ɗinta, rana ɗaya aka haife su. Shi a shekara 13 ko makullin shago ba a ba shi, in ya yi ɓarna a ce ƙyale shi yaro ne, in aka ce a yi masa aure kowa sai ya yi dariya. Sai ya koyi sana'a, ya yi ɗaki, ya mallaki abin hannunsa, ya haura 25 ko 30, sannan a kira shi magidanci. Ita kuwa Hussaina a wannan shekarun an ɗora mata miji, da uwar miji, da kishiya, da tukunyar mutum 15, da ciki. Wane irin mudu ne wannan da ake auna namiji da babba, a auna mace da ƙarami?

Balaga daban, hankali daban, kuma wannan ba daga bakina ya fara ba. Ki duba Suratun Nisa'i, aya ta 6, inda aka yi maganar dukiyar marayu. Ba a ce da zarar sun balaga a miƙa musu ba. An ce a jarraba su, sai sun kai munzalin aure kuma an ga shiriya da natsuwa a tare da su, sannan a danƙa musu abinsu. To idan akuya biyu da gona ɗaya ba a miƙa wa yaro sai an tabbatar da hankalinsa, yaya za a miƙa wa yarinya gida sukutum da ran jariri ba tare da an duba komai ba sai ƙirjinta?

Masu cewa ai addini ya halatta, ina roƙonsu su kawo maganar gaba ɗayanta, kada su yanko rabi. Halal daban, wajibi daban. Malaman fiƙihu da suka yarda uba ya ɗaura wa ƙaramar 'yarsa aure, su ɗin dai suka ce ba a tarewa sai ta kai ƙarfin da za ta iya ɗauka ba tare da cutuwa ba, kuma hana cuta ginshiƙi ne a shari'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a nemi izinin budurwa. Khansa'u 'yar Khizam, da ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurinsa ya warware auren, yana nan cikin Buhari. An ce shirun budurwa yardarta ne, to amma yarinyar da ta kwana uku tana kuka, ta ƙi cin abinci, ta gudu gidan gwaggonta sau biyu aka dawo da ita da bulala, wannan shiru ta yi? Har ƙasar Maroko, da suke bin mazhabar Malikiyya kamar mu, sun mai da shekarun aure 18 a 2004, sai in alƙali ya duba ya ga dalili. Masar ta yi haka a 2008. Su ba Musulmi ba ne?

Sai masu cewa wannan duk zugar Turawa ce da 'yan boko. Haba jama'a! Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Bature ne? A cikin Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u, da ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Wannan gadonmu ne tun kafin Bature ya ci Sakkwato da yaƙi a 1903. Wanda ya cire 'yarsa daga aji, ko na boko ko na Islamiyya, tun ba ta iya karanta takardar magani ba, shi ne ya saki hanyar magabata.

Akwai kuma hujjar da ta fi kowacce nauyi, kuma ba zan raina ta ba: tsoron abin kunya. Uwa tana kwana ba barci tana tunanin kada 'yarta ta ɗauko mata magana. Gaba kura, baya siyaki. Na yarda zamani ya lalace. Amma mu tambayi kanmu, ina 'yan matan suke gamuwa da masu lalata su? A cikin aji, ko a tasha da bakin kasuwa da gindin gareji, inda mu da kanmu muke tura su da farantin talla tun daga hantsi har bayan isha'i don a tara kuɗin kayan ɗaki? Mu ne muke kai wa kura ajiyar nama, sannan mu ce maganin abin shi ne a yi maza a aurar. Kuma auren da aka yi don tsoro, sau nawa yake zama? Wata shida, shekara ɗaya, ga ta ta dawo da saki da goyo, bazawara 'yar shekara 15, babu karatu babu sana'a. Wasu ko gidan ba sa dawowa, mota suke shiga sai bariki. Abin da aka guda tun farko shi aka tarar, har da ƙari. Sauri ya haifi nawa?

Talauci ma hujja ce da ake kawowa, a ce a rage baki a gida. To a yi lissafi mana. Sadaki da lefe wata nawa suke yi kafin su ƙare? In ta dawo da ciwo, wa zai biya kuɗin mota zuwa Katsina, wa zai sayi sabulu da tsumma na shekara da shekaru? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ita ce za ta sha naƙuda da duka da gori, wasu kuma su ci goro da kuɗin gaisuwar iyaye. Yarinyar da aka bari ta gama sakandare, ta iya ɗinki ko ta zama malama ko ungozomar asibiti, ita ce za ki ga tana aiko wa uwarta da buhun masara. Mu da muke ƙin namiji ya duba matanmu a asibiti, daga ina likita mace za ta fito in duk an kwashe su daga aji shida?

Masu cewa iyayenmu da kakanninmu haka aka yi musu kuma ga su nan lafiya, su tuna cewa waɗanda suka rayu ne kaɗai suke ba da labari. Wadda ta tafi a haihuwar fari tana da shekara 14 ba ta nan balle a ji ta bakinta. Ki zauna da kakarki wata rana ki tambaye ta sa'o'inta nawa ne suka mutu a kan gwiwa. Za ki ji lissafin da zai sa jikinki ya yi sanyi.

Kuma al'ada tana canzawa, kada wani ya ruɗe ki. A Habashar nan dai, a 1996 wata 'yar shekara 14 ta harbe wanda ya sace ta da bindigarsa, wata lauya mai suna Meaza Ashenafi ta tsaya mata har kotu ta sallame ta a kan kare kai ta yi. A shekarar 2000 ƙasar ta ɗaga shekarun auren mace daga 15 zuwa 18. Dokar laifuka da ta fara aiki a 2005 ta toshe ƙofar da ɓarawon yarinya ke bi ya tsira ta hanyar aurenta. Ita kuwa lauyar, a 2018 aka naɗa ta shugabar kotun ƙoli ta ƙasar. Auren wuri bai ƙare a can ba, binciken 2016 ya nuna 40 cikin 100, amma ya sauko daga kusan rabi a 2005. A Nijeriya ma an yi dokar kare haƙƙin yara a 2003 wadda ta sa 18. Sai dai doka a takarda ba ta shiga zaure ta hana ɗaurin aure. Abin da ke shiga har ƙuryar ɗaki shi ne bakin uwa.

Shi ya sa na dawo kanmu mata, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wa ke fara cewa “wance ta yi girma, har yanzu tana gabanki?” a gidan suna? Mu ne. Wa ke lallashin yarinya da atamfa da ɗan kunne, in ta ƙi a koma zagi da barazanar tsinuwa? Mu ne. Wa ke cewa mai naƙuda ta yi haƙuri ta cije, zuwa asibiti ragwanci ne, a kawo rubutu a kira wanzami? Mu ne dai. Namiji yana ɗaura aure a ƙofar gida, amma a tsakar gida ake dafa shi.

Don haka, uwar 'ya'ya, ki samu maigida a lokacin da ransa ke sanyi, ki ce masa, “Malam, a bar yarinyar nan ta ƙara ƙwari, ta gama karatunta, in mai son ta na gaskiya ne zai jira.” In ya ƙi ji, ki bi ta wajen yayansa ko limamin unguwa ko wanda yake jin nauyi. Ki sauke mata farantin tallan dare. In kuwa an riga an yi auren, to a je awo tun cikin yana ƙarami, a kuma sani cewa naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba a haihu ba, ta fi ƙarfin ɗaki, sai asibiti. A nemi izinin maigida da kuɗin mota tun kafin ranar ta zo. Kada a bari aska ta kusanci gaban yarinya da sunan gishiri. Wadda kuma ciwon ya riga ya sama, a daina ɓoye ta, ana ɗinke shi kuma mafi yawa suna warkewa.

Ke kuma budurwa, ladabi ga iyaye wajibi ne, amma ladabi bai hana ki faɗin abin da ke ranki ba. Ki durƙusa ki ce, “Inna, wallahi ban shirya ba, ku taimake ni.” Ki faɗa wa gwaggo, ki faɗa wa malamarki. Kada ki sha wani abu, kada ki zuba wa kowa wani abu, kada ki shiga motar da ba ki san inda za ta ba. Kuma kada ɗokin lefen ƙawarki ya ruɗe ki, akwati ba ya taya naƙuda.

Ba aure nake suka ba, aure sunna ne kuma rufin asiri ne. Lokacinsa nake roƙo a duba, a kuma duba wadda za a ɗora wa shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba 'ya'yanmu mazaje masu tausayi, ya ba masu ciwo lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya kuma sa mu zama iyayen da 'ya'yansu za su gudo wurinsu in sun ji tsoro. Amin summa amin.